Kalkuleta Mai Rawani da Kwandon Burodi

Ni dai na gaji, kuma zan faɗa muku komai ko da a ƙarshe za ku ce ni ce mai laifi. Sunana Basant, shekarata ashirin da tara, ina aiki a wani shagon tabarau a unguwar Sporting, kuma maganar aurena ta kusa lalacewa saboda wasu kwamfutoci biyu da aka daina ƙerawa tun kafin a haife ni.

Ku yi dariyarku. Ni ma da a kan wata abin ya faɗa, da na yi.

Bari in fara da Babana, Ustaz Mamduh. Malamin lissafi ne. Ya yi shekara goma sha ɗaya yana koyarwa a Kuwait, ya dawo Iskandariyya da firiji, da barguna shida, da wata kwamfuta mai suna Sakhr. Firijin ya mutu, bargunan mun rabar, amma Sakhr tana nan a falonmu na Muharram Bey, a kan teburinta ita kaɗai, an lulluɓe ta da farin ƙyallen da Mama ta saƙa da hannunta. Ba a ɗora kofi kusa da ita. Ba a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. Ina ƙarama na taɓa manna mata cingam a gefe, har yau idan Baba ya tuna sai ya harare ni.

Shekara biyu da suka wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Allah ya taƙaita, ƙafa ta dawo, amma hannun dama ya yi nauyi, harshe ma haka. Mutumin da muryarsa ke cika aji ya koma sai ya yi fama kafin ya haɗa jimla guda. Likita ya ce a kiyaye ɓacin ransa. Mamata Sausan ta riƙe wannan maganar da hannu biyu. Tun daga ranar babu wanda ya ƙara yi wa Baba musu a gidanmu. In ya ce miya ta yi gishiri, sai a ce haka ne. In ya ce yau Talata alhali Laraba ce, sai Mama ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "Haka ne, Ustaz."

Abu ɗaya ne ya gagare ta hanawa. Akwai wani zaure a Facebook na masoya tsofaffin kwamfutocin gida, kuma a can Baba yake wuni da sunan Dutsen Kuwait, don Sakhr a Larabci dutse ne. Yana zama a baranda da ƙaramin allonsa na kwamfuta a cinya, tabarau a kan hanci, yana rubutu da yatsa ɗaya na hannun hagu. Zauren ya rabu gida biyu: 'yan Sakhr da 'yan Commodore. Babban abokin gabarsa wani ne mai kiran kansa Sittin da Huɗu, wato lambar da ke jikin Commodore ɗinsa. Shekara uku suna abu ɗaya. Baba ya ce Sakhr ce ta fara yi wa yaranmu magana da Larabci, wancan ya ce ai ba wa'azi yara suka zo ji ba. Wancan ya ce sautin Commodore babu na biyunsa, Baba ya ce eh, ga wanda yake da haƙurin jiran kaset ya gama juyawa har shayi ya huce. Baba yana kiran tasu kwandon burodi, saboda siffarta. Shi kuma yana kiran ta Baba kalkuletar da ta je Kuwait ta dawo da rawani.

Na san duk wannan ne don ni ake sawa in hau kujera in sauko da tsofaffin mujallu daga saman durowa duk lokacin da ake neman hujja. Ƙura ta cika min hanci, ina atishawa, Baba yana nuna min da sanda: "Ba waccan ba. Ta ƙasa."

To, yanzu ga Ramzi.

Ya zo shagonmu ne sauya tabarau, ya tsaya ya yi minti arba'in yana min gardama a kan cewa firam ɗin da na zaɓa masa yana mai da fuskarsa kamar ta mujiya. Ya saya a ƙarshe. Bayan kwana uku ya dawo ya ce har yanzu kamar mujiya yake, amma ya zo ya ji ko na canza ra'ayi. Injiniya ne, yana gyara na'urorin asibiti, shekararsa talatin da huɗu, yana zaune da mahaifiyarsa a Sidi Bishr. Da na lura da son gardamar nan tun a ranar, da na kiyaye. Amma kun san yadda zuciya take.

Bayan wata biyar ya ce zai zo ya gaida Baba. Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci. Na sauya kaya sau uku kafin na tsaya a kan doguwar riga ruwan zaitun da mayafi ruwan madara. Mama ta kwana biyu tana naɗe ganyen inabi da shinkafa, ta fito da kofunan da ba a taɓa su sai da salla. Ya shigo da farantin kayan zaƙin nan kunafa, rigarsa a goge, ya durƙusa kaɗan ya gaida Baba da ladabi. Na ce a raina, Alhamdulillahi, wannan karon an dace.

Sai idonsa ya sauka a kan farin ƙyallen.

Ya ce, "Baba, wannan fa?"

Baba ya yi murmushin da na daɗe ban gani ba, ya yi min alama in ɗaga. Na ɗaga. Ramzi ya sunkuya, ya gyara tabarau, fuskarsa ta cika da fara'a irin ta wanda ya haɗu da tsohon sani a tasha.

"Allah sarki," ya ce. "Kalkuletar da ta je Kuwait ta dawo da rawani."

Cokalin da ke hannun Mama ya tsaya a cikin kofi. Baba ya ɗago a hankali. Ya dube shi daga takalmi har gashin kai. Leɓensa ya yi ta motsi kafin maganar ta fito.

"Kai ne."

Ramzi ya dube ni, ya dubi Baba. "Dutsen Kuwait?"

"Kwandon... burodi."

Jama'a, awa biyu. Awa biyu cur ina zaune da rigata ruwan zaitun babu wanda ya kalle ni. Inda harshe ya gaza wa Baba sai ya jawo allonsa ya rubuta ya juya wa Ramzi, Ramzi ya karanta ya ce, "A'a, Ustaz, wannan ba gaskiya ba ne, kuma ka sani." Duk lokacin da ya faɗi haka sai Mama ta dafe ƙirji. Kunnuwan Baba suka yi ja. Ya buga sanda a ƙasa sau biyu. Abinci ya huce a kan tebur. Ba a ambaci sunana ba, balle maganar da ta kawo shi.

Yana fita Mama ta ɗauko na'urar awon jini ta ɗaura wa Baba, sannan ta ja ni kicin ta rufe ƙofa.

"Kashe min miji ya zo yi?"

"Mama, bai san shi ba ne."

"Yanzu ai ya sani. Ki gaya masa, in yana son ki, ya shiga zauren nan a gaban kowa ya ce Babanki ne da gaskiya. A rufe maganar. Me zai ragu a jikinsa? Roba ce fa da wayoyi. Ke kuma ba ƙaramar yarinya ba ce da za ki tsaya kallon wasan yara, sa'o'inki duk suna kai 'ya'ya makaranta."

Ba zan ɓoye muku ba, ban ga aibun maganarta ba. Haushi ma nake ji. Na shiga ɗaki na cire mayafin na jefar a gado, na ɗauki waya.

Na rubuta: "Ka zo neman aure ko ka zo kare kwandon burodi?"

Ya amsa nan take: "Basant, Babanki gwani ne. Ban taɓa zaton da hannu ɗaya yake ba ni wahalar nan ba."

"Ba yabo na tambaye ka ba. Jininsa ya hau. Ka janye."

"In janye me?"

"Komai. Ka rubuta cewa tasa ta fi."

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. "Amma ba ta fi ba."

Na kalli wayar kamar in jefa ta ta taga. "Ramzi, ni ko ita."

Sai ya rubuto: "Ke."

Washegari da hantsi ya saka rubutun. Na karanta shi a shago tsakanin masu saye biyu. Ya ce bayan dogon nazari ya gane Dutsen Kuwait ne da gaskiya tun farko, Sakhr ta fi ta kowace fuska, yana neman afuwar dattijo a kan duk abin da ya taɓa faɗa, kuma yana masa fatan ƙarin lafiya. Na ji daɗi har na tura masa hoton zuciya guda uku. Mama ta ce, "Ka ji ɗan halak."

Da na dawo gida na tarar da Baba a baranda, allon a kife a kan kujerar gefe. Na ce, "Baba, ka ga ka yi nasara." Bai juyo ba.

Kwana na farko muka ce gajiya ce. Na biyu bai nemi mujalla ba. Na uku bai aske gemu ba, shi da ko a gadon asibiti sai da ya sa aka aske masa. Ya daina fita baranda, ya koma kujerar gaban talabijin, duk tashar da aka kunna ita yake kallo. Mai gasa masa ƙashi ta zo ta ba shi ƙwallon robar da yake matsawa, ya riƙe kawai kamar an ba shi ajiya. Jininsa kuwa lafiya lau, Mama tana auna shi safe da yamma tana hamdala. Amma ni ina ganin yadda rigarsa ta fara yi masa yawa a kafaɗa.

A zauren ma abin ya mutu. Na leƙa da wayata. Wani daga Mansura ya rubuta, "Ina Dutse? Ina Sittin da Huɗu? Yanzu da me za mu sha shayi?" Wani ya ce shi saboda faɗansu ne ya je gidan mahaifinsa ya tono tasa kwamfutar daga ƙarƙashin gado ya gyara, don ya tabbatar da wanda ke ƙarya. Babu wanda ya amsa musu.

A kwana na tara Mama ta sami Baba da maganar. Ta ce yaron nan yana so ya turo mahaifiyarsa, a sa rana. Ina tsaye a bakin ƙofa da tiren shayi.

Baba ya ce, "A'a."

Mama ta buɗe baki za ta ce haka ne, don ta saba, sai ta ji abin da ya faɗa. "A'a kamar yaya, Ustaz? Yaron da ya ba ka haƙuri a gaban duniya?"

"A'a."

Na dire tiren da ƙarfin da ya sa kofuna suka yi ƙara. Shekara biyu ban ɗaga masa murya ba, amma ranar na kasa. "Baba, me kake so ne? Ya yi gardama an ce zai kashe ka. Ya bari, ka ce ba ka so. Ni ce na sa shi ya janye, in laifi ne nawa ne. Ka gaya min me zan yi, don wallahi na gaji."

Mama ta ce, "Basant, jininsa."

Baba ya ɗaga mata hannu. Ya nuna min allon da ke kan durowa. Na miƙa masa, sai da aka sa shi a caji ma kafin ya kama. Ya yi ta rubutu da yatsan nan guda, ni da Mama muna tsaye kamar masu jiran sakamakon jarrabawa. Da ya gama ya juyo min da shi.

"Shekara biyu kowa a gidan nan yana ce min haka ne, kamar ana lallashin jariri. Na ce muku Talata ranar Laraba da gangan, in ga ko akwai wanda zai gyara min. Babu. Mutum ɗaya ne a duniya yake karanta maganata har ƙarshe ya ce min ƙarya nake yi, don bai san ni gurgu ba ne. Ya zo ya gan ni, ya koma ya yi min fatan lafiya. Ba na son surukin da zai riƙa tausayina a kan teburin cin abinci. Kuma wanda ya bar gaskiyarsa cikin kwana ɗaya don ya sami mace, me zai bari gobe?"

Na karanta sau biyu. Mama ta karɓa ta karanta, ta zauna a hannun kujera. Ni kuwa kunya da haushi suka haɗu suka kama ni. Haushin kaina, haushin Baba da ya kasa faɗa tun tuni, haushin kwamfutocin nan biyu da mutanen da suka ƙera su.

Da azahar na kira Ramzi na ce ya same ni a wurin shan shayin da ke bakin teku kusa da aikinsu. Ya zo da rigar aiki, idonsa duk ya faɗa. Na tura masa hoton rubutun Baba na ce ya karanta a gabana.

Ya karanta. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"Na so in gaya miki," ya ce.

"Me ya hana ka?"

"Kin ce ke ko ita."

"To ai sai ka yi min gardama. Minti arba'in ka yi a kan firam."

Ya yi 'yar dariya. "Basant, kin san sau nawa Babanki ya sa na raba dare ina bincike? Akwai ranar da ya rubuta min layi arba'in a kan launuka kawai. Wanda ya raina ka ba zai zauna ya rubuta maka layi arba'in ba, kuma kai ma ba za ka karanta ba in ka raina shi. Zagin nan da kike gani, rabinsa gaisuwa ce."

"To ka koma ka gaishe shi."

"Da gaske?"

"Ka zage ta sosai. Kada ka rage komai. Amma in ka sake ka ambaci lafiyarsa, ni da kai ne."

Ku dube ni fa. Ni da na yi kwana tara ina murnar na kashe wutar, ga ni zaune a bakin teku ina riƙe wa saurayina kofin shayi yana rubuta wa mahaifina rashin kunya. Har shawara na ba shi. Na ce ya cire "tare da girmamawa", ta yi laushi.

Ga abin da ya saka: "Na janye janyewata. An matsa min ne, kuma wanda aka matsa wa ba a kama shi da maganarsa. Kalkuleta kalkuleta ce ko da rawaninta ya kai rufin ɗaki. In Dutsen Kuwait yana da amsa, ina jira. In kuma shirun nan nasa na kwana tara yana nufin hujja ta ƙare, to ya faɗa mu huta."

Kafin in hau jirgin ƙasan cikin gari in iso gida, mutum sittin sun yi sharhi. Na buɗe ƙofa na ji muryar Baba daga baranda, a karye amma da ƙarfi.

"Basant. Kujera. Mujallu."

Na hau kujerar da takalmin aikina. Ƙura ta sauko min a fuska. Ya sa na sauko da ɗauri uku, ya baza su a kan tebur, ya danne shafi da hannun daman nan da ya ƙi matsa ƙwallo, yana rubutu da na hagu. Kunnuwansa suka yi ja. Mama ta fito da na'urar awon jini, ta tsaya a bakin baranda tana kallonsa, ta daɗe a tsaye. Sai ta juya ta mayar da ita cikin durowa, ta dawo ta ce, "Ustaz, gemun nan bai yi maka kyau ba."

Ya ɗago ya kalle ta. "Ya yi."

"Bai yi ba."

Wallahi sai da na ga gefen bakinsa ya motsa.

Amsarsa ta kai layi hamsin, ban karanta ba, ba zan iya ba. Da ya tura, ya kira ni da yatsa.

"Ki gaya masa. Juma'a. Ya zo da kwandon. A kunna su... gefe da gefe." Ya numfasa. "Da mahaifiyarsa."

Na shiga ɗaki da gudu kamar 'yar shekara sha biyar, na faɗa gado na rubuta wa Ramzi: "Ya ce ka zo Juma'a da kwamfutarka DA MAMANKA. Ka gane?"

Ya karanta. Alamar rubutu ta fito ta ɓace har sau huɗu, abin da na riga na san ba alheri ba ne.

"Basant, akwai abin da ban gaya miki ba."

Na ce a raina shi ke nan, ko wata ce, ko ya fasa. "Faɗi."

"Kwamfutar ba tawa ba ce. Ta Mamata ce. Da ita ta yi aikin kammala karatunta na injiniya. Ni kawai na taso na gan ta a gida."

"To sai me?"

"Sittin da Huɗu mu biyu ne. Ni nake rubutawa, amma masu zafin duk ita take faɗa min. Maganar rawanin nan ma tata ce. Tun ranar da na janye ba ta ci abinci tare da ni ba, ta ce na zubar mata da mutunci a gaban ɗan Sakhr. Yanzu na gaya mata an gayyace mu. Tana ɗaki tana goge kwamfutar. Ta ce in tambaya ko akwai soket biyu kusa da teburin falonku."

Na ajiye wayar a kan ƙirjina ina kallon silin. Daga baranda ina jin Baba yana juya shafukan mujalla. Sai ga Mama ta leƙo da kwanon shinkafa a hannu, fuskarta cike da murna.

"Ya ce za ta zo? Wace irin mace ce? Allah ya sa mai sanyin hali ce, kin san Babanki."

Na ce, "Ta ce ta matsu ta gan shi."

"Allah sarki, 'yar mutunci," in ji Mama, ta koma kicin.

Ni kuma na tashi na tafi neman doguwar wayar wuta.